Ƙullin Cikin Randa

Inna Aina'u tana tsaye a gindin rumbu tana jin ɗanta Sha'aban yana kakarin amai a makewayi, karo na biyu ke nan a satin. Idonta na kan matarsa Ramlat, wadda ke tsaye riƙe da buta, ko salati ba ta yi ba.

Sha'aban fa ba ƙaramin mutum ba ne. Dillalin hatsi ne a kasuwar Ɗambatta, kuma a da in ya shiga gaban mota direba ba ya ƙara kowa a gefensa. Inna na alfahari da jikin nan ƙwarai. Yanzu kuwa wata uku ke nan riga na yawo a jikinsa, wuya ya fito, har matan ƙauye sun fara shigowa gaisuwar da ba ta da dalili.

Sai Inna ta sa ido, kuma abin da ta gani bai yi mata daɗi ba. Tuwon da Ramlat ke kai wa mijinta bai fi na yaron da aka yaye ba, miya kuwa ko ɗigon mai babu. An hana shi ƙosai, an hana shi tsire. In ya ci ya so ya ɗan kishingiɗa, sai ta ce ya tashi ya zaga gona. Wannan wace irin mugunta ce?

Ga kuma wani ruwa mai ƙamshin citta da take dafa masa. Inna ta lura sarai: Litinin da Alhamis, da Ramlat ta dawo daga Islamiyya da la'asar, sai ta leƙa fuskarsa, ta hura wuta, ta miƙa masa kofi. Ba a rabin awa sai amai.

Uwa ce, ba za ta naɗe hannu ba. Ta yi addu'a, ta yi sadakar waina, ta yi wa ɗanta abin da uwa ke yi in ta sami sarari. Ta kai kukanta har wajen Bafulatanar da yanzu ke kawo mata kaya sau biyu a sati. Bafulatanar ta girgiza kai ta ce, "Inna, 'yan matan yanzu sai Allah. Ki bincika ɗakinta."

Ran Juma'a da hantsi Ramlat ta ja mijinta ɗaki ta saki labule. Inna ta laɓe jikin taga. Ta ga yarinyar ta ƙulle wani abu a leda, ta zura shi cikin wata 'yar randa da ke lungu, wadda ba a shan ruwanta. Da Ramlat ta fita barka maƙwabta, Inna ta shiga ta tsoma hannu. Abin da ta ciro kamar alƙalami yake, da wani ruwa fari a ciki da tsinin allura. Tsoro da baƙin ciki suka rufe ta.

Ba ta yi wata-wata ba, ta aika a kira ƙanenta Kawu Muhammadu Sani. Bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta dire ƙullin a gaban kowa.

"Yau ko ni ko ita," in ji ta. "Sha'aban, ka rubuta mata takardarta yanzu, in dai ni na haife ka."

Ramlat ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hijabinta. Sha'aban ya juyo wajen mahaifiyarsa.

"Inna, allurar rage ƙiba ce. Likita ya rubuta mini a Kano. Ya ce sugana ya hau, jinina ya hau, in ban rage jikin nan ba hanyar da Baba ya bi zan bi. Ni na hana ta gaya miki, don kada hankalinki ya tashi. Randar kuwa, maganin ne ba ya son zafi."

Inna ta taɓe baki. Ai ta san an riga an shanye shi, dole ya kare ta. "To aman fa? Maganin kirki ne ke juye cikin mutum?"

Kawu ya juya wajen Ramlat. "Ke 'yata, yi magana."

"Kawu, likitan ya ce allurar takan tayar da zuciya," ta ce a hankali. "Amma in ana ci kaɗan-kaɗan, an bar maiƙo, ba a kwanta da ƙoshi ba, abin zai lafa. Citta ma don haka nake dafawa in na ga fuskarsa ta canza. Kuma wallahi ya lafa, sai da ya yi wata guda lafiya lau. Sai kawai ya dawo. Na tambaye shi har na gaji. Akwai inda yake cin abinci mai maiƙo, ya ƙi gaya mini."

Inna ta gyara zama. To, ashe da wata muguwar a waje. "Faɗi sunanta," ta ce. "Ko wace ce, yau sai ta san ta taɓa ɗana."

Sha'aban ya dubi Kawu kamar mai neman ceto. Kawu ya ce, "Aurenka ne a kan tabarmar nan. Faɗi."

Sai Sha'aban ya sunkuyar da kai, muryarsa ta yi ƙasa. "Kawu, wa ya isa mahaifiyarsa ta kira shi ɗaki a ɓoye, ta miƙo masa akushin tuwo man shanu na kwance a kai, ta ce cinye ina kallo, shi kuma ya ce ya ƙoshi?"