Kulu a Ƙofar Gari

Tun da man shafawa mai suna feftaid ya shigo, tsufa ya daina nunawa a fuska. Wata uku Kulu ta yi a birni tana shafawa, fatarta ta yi sumul kamar ta budurwa, har tsagar gadonta ta ɓace.

Ran da ta dawo ƙauye, 'yan banga suka tare ta, don yanzu marar tsaga ba ya shiga gari. Shugabansu Lawali ne, ɗanta na fari.

"Ke yarinya, wa ya aiko ki?" Ya sheme ta da gora, goshinta ya fashe.

"Kai, ni ce fa!"

"In kin san ni, faɗi sunana!"

Shekara arba'in kunyar ɗan fari ta hana ta kiran sunan nan. Ta buɗe baki, ta rufe. Lawali ya sake ɗaga gorar.