Hansai Ta Ƙi Ƙetare Kogi

Ina daka a Kusiri, garin da ke ƙetaren kogi daga Njamena, labari ya iske ni: harsashi ya kashe aminiyata Hansai a unguwar Abena ta Njamena.

Ranar da zan gudu daga Njamena, saurayinta Falalu ya zo rataye da bindiga, ya ce ta aure shi ya ƙetarar da ita kogi. Hansai, ɗalibar shari'a a jami'a, ta tsare shi da ido.

"Mutum bakwai da kuka kulle a unguwar Milezi, wane alƙali ya saurare su?"

Ya sunkuyar da kai. "Yaƙi ake, babu kotu."

"To, babu aure."

Da ya fita na rungume ta. "Ƙawata, kina son sa fa!"

Ta share mini hawaye. "Har raina. In ya buɗe musu ƙofa, zai same ni nan."