Jar Fitilar Motar Dallatu

Muna fita daga Kuje jar fitilar mai ta kama. Ina kujerar baya a a-kori-kurar maƙwabcina Dallatu, wai na zo taimako, amma kun san ni, ba a labari babu ni. Babban ɗansa Shafi'u na kwance a cinyar uwarsa Lantana, tari kawai yake, numfashi da ƙyar. Asibitin Gwagwalada muka nufa.

"Malam, fitilar nan fa," in ji Lantana.

"Ƙarya take yi! Jiya na cika tankin nan da dizal."

Ba mu yi nisa ba motar ta shaƙe, ta mutu a tsakiyar daji. Da ƙyar wani ɗan acaɓa ya samo mana galan guda, aka zuba, ta ƙi tashi.

"Oga, motar dizal in ta shanye ƙarƙaf iska take zuƙa," in ji ɗan acaɓan. "Sai bakanike."

Dallatu ya ɗaga hannu sama. "Wanda ya zuƙe min mai, Allah ya isa! Allah ya sa ya zame masa ajali!"

Lantana ta kurma ihu. "Janye, Malam! Don Allah janye!"

Sai Shafi'u ya kelayo amai a zanena. Warin dizal ya cika motar. Ashe shi ya zuƙe man uban, da baki ya ja tiyo, man ya sarƙe shi, uwar ta ɓoye.

Dallatu ya janye, har da kuka. Ni dai har bayan sadakar ukun Shafi'u ina wanke zanen nan, warin bai fita ba.