Makauniyar da Ta Zaɓo Anko

Tunda ka ce shago za ka buɗe a intanet, zauna in ba ka misali. An yi wata malamar makaranta da ciwo ya tafi da idonta tana da shekara talatin. Kafin nan 'yar gayu ce, ta san atamfa kamar yunwar cikinta. Tun daga lokacin yayarta ta karɓe saya mata tufafi, kullum ta kwaso masu duhu marasa fasali, wai ai ba gani take ba. Wannan magana ta fi rashin idon ci mata rai. Tana da waya mai karanta mata rubutu da murya, da ita take duba saƙo, da ita take shirya darasi. Amma in ta shiga shagon atamfa na intanet ta ja yatsa, sai wayar ta yi ta cewa hoto, hoto, hoto, ba bayani. Ran nan ta ƙule, ta kira mai shagon. Ba roƙo ta yi ba, aiki ta ba ta: a ƙarƙashin kowane hoto ta rubuta abin da za ta gaya wa ƙawarta ta waya, launin zanen, girman furensa, kaurinsa, da ko yana zuba. Maɓallin saye ma a sa masa suna. Mai shago ta yi tsaki, amma ta gwada. Malama kuwa, ka san halin malamai, sai ta riƙa maido mata da gyara. Ja kawai bai isa ba, jan zoɓo ne ko jan manja? Wata biyu suna wannan ja-in-ja har rubutu ya zauna.

Sai bikin ƙaninsu ya taso. Ana cikin shawara malama ta ce, “Bana ni zan zaɓo anko.” Ɗaki ya ɗauki dariya. Yayar ta ce a bar ta, in mata arba'in suka fito kamar dodon gona, ta daina sa baki a zancen zane har abada. Malama ta amince. Ta koma gida ta saurari zane ɗaya bayan ɗaya, har ta ji wanda ya kwanta mata: shuɗin baba, ƙananan furanni ruwan zuma, ba ya zuba. Ta danna saye da yatsanta. Yayar kuwa, don gudun abin kunya, ta lallaɓa shagon nan ta zaɓo wani da ido. Da kaya suka iso aka kwance na yaya, sai ga furanni kowanne kamar faranti. An rubuta haka ƙarara a ƙarƙashin hoton, mai idon ce ba ta karanta ba. Aka kwance na malama, sai guɗa ta tashi. Malama ta shafa zanen da tafin hannunta, daɗi ya cika ta har hawaye. Ranar biki duk wadda ta tambayi wa ya zaɓo ankon nan, yayar ce da bakinta take nuna ƙanwarta.

To kai ma ka rubuta abin da ke cikin hotonka, kada ka raina mai saye da kunne. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce: in makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse.