Minsharin Baba

"Ku kwanta kamar gawa," na ce wa ɗalibaina na yoga, wato motsa jiki da natsuwa, a bakin kogin Ganga na ƙasar Indiya.

Baba, da na lallaso ya zo ajin, ya yi tsaki. "Likitanci na tura ki Landan ki karanto, kin dawo kina koya wa mutane mutuwa!"

Amma ya kwanta. Wata uku ke nan da muka ƙona gawar Mama bisa al'adarmu muka zuba tokarta a kogin, barci ya ƙaurace masa. Magungunana sun kasa.

Shekara tara ina neman shirun zuci da malamina na yoga ya ce shi ne ƙarshen tafiya, ban same shi ba.

Sai minsharin Baba ya tashi kamar injin niƙa. Matan ajin suka fara ƙunshe dariya.

"Kada wanda ya tashe shi," na ce.

Na zauna ina saurare har hantsi.