Robar Haƙoran Zuhura

"Kalle ni da kyau, maigida," in ji Zuhura, ta washe baki a ƙofar gida.

Dawowar Falalu ke nan daga Legas. Wata bakwai da ba ya nan, Zuhura tana sa robar gyaran haƙori a ɓoye, irin garai-garai ɗin nan da likitan Damagaram ya auna mata. Ta sha ciwon dasashi, amma haƙora sun jeru reras.

"Na rufe giɓin da nake jin kunyarsa. Ban yi kyau ba?"

Falalu ya waiwaya. Ya dubi sabuwar motar hayarsa, wadda mutanen Matameye suka kewaye suna karanta rubutun bayanta:

ZUHURA MAI WUSHIRYA.