Carbin Baba a Cikin Gajimare

Gajimare ya haɗiye ƙaramin jirgin, tagogi suka koma fari fat.

"Yaya, allurar nan tana cewa mun karkace," in ji ƙanwar matuƙin.

"Ke da kika fara hawa jirgi yau? Tsohon ƙarfe ne, yakan yi ƙarya. Dubi carbin Baba."

Carbin yana rataye a gaban gilashi, a miƙe, ko motsi ba ya yi. Shayin hannunta ma bai zube ba. Wanta bai taɓa tuƙi ba sai yana ganin ƙasa. Ya manta cewa jirgin da ke juyi yana gangarowa yakan bar komai na cikinsa a miƙe, ya yaudari har jikin mai tuƙin.

Kukan injin ya ƙaru. Wani nauyi ya danne ta a kujera.

"Kin ji? Sama muke yi," ya ce yana dariya. "Matsoraciya kawai."

Sai farin ya yage. Ta ɗaga kai tana neman rana. Jirgin ya kife. A saman kanta akwai gona, da wani manomi riƙe da fartanya, ya tsaya yana kallonsu.